Irin Dawar Inna

A ƙasarmu hanya uku ce manomi ke rabuwa da hatsinsa. Ko ya kai kasuwa a auna tiya-tiya, ko ya tara buhuna ya kira ɗan sari har gida, ko kuma ya sayar da gonar a tsaye, mai saye ya zo da mutanensa ya girbe. Ta ukun nan ba mu taɓa yin ta a gidanmu ba sai a shekarar da zan ba da labari.

A lokacin mun riga mun taso daga ƙauyenmu, can ta hanyar Sabuwa, mun dawo Sheme kusa da titi, ni da Inna da yayana da iyalanmu. Zaman ƙauyen ne ya gagara, kamar yadda ya gagari mutane da yawa. Gida mun rufe shi mun taho, amma gona ba a ɗaukarta a kai. Sai muka riƙa zuwa aiki a ayari: a fita da sassafe, a yi abin da ya samu, a juyo kafin la'asar. Da haka muka yi shuka, muka yi noman fari, muka yi maimai, muka yi huɗa. Allah kuma ya dubi wahalarmu, dawa ta yi kyau.

Dawar ba irin wadda ake samu a kasuwa ba ce. Inna ce ta zo da ita daga gidan iyayenta a ƙasar Ƙanƙara, cikin 'yar ƙwarya, tare da kayan aurenta. Ita ma uwarta wata maƙwabciya Bamagujiya ce ta ba ta. Karanta dogo ne, idan ta nuna kuma sai wuyan zangarniyar ya lanƙwasa, kan ya dubi ƙasa kamar mai jin kunyar suruki. Ƙwayar ba fara ba ce, ba kuma rawaya ba, tana tsakani. Idan ana tuƙa tuwonta, wanda ke zaure ma ya sani. Har yau idan na rufe ido da rana tsaka nakan ga gonar nan tana kaɗawa a hankali, kawuna a sunkuye, ganye na gogar juna da wani sauti kamar ana zuba tsaba a faifai daga nesa.

Cire iri aikin Inna ne, kuma yana da matakai. Da farko, idan ƙwaya ta fara tauri, takan shiga gonar ita kaɗai da tsohon zane a kafaɗa. Ta yi ta tafiya tsakanin kunyoyi, ta janyo wannan zangarniya ta duba ta saki, ta janyo waccan. Wadda ta kwanta mata a rai sai ta yagi zanen ta ɗaura mata a wuya. Ranar girbi waɗannan ake fara yanka, a yi masu dami daban. Daga nan a rataye damin a madafa inda hayaƙi ke bugunsa, ba a taɓa shi sai sama ta fara haɗa hadari. Ita ke sussuke shi da hannunta. A shekarar ma ta bi ayari sau ɗaya, ta yi ɗaurinta da wani jan zane da ya tsufa, ta dawo da sauransa.

Sai dai a shekarar babu ko ƙwaya ɗaya ta irin a gida. Ruwan farko ya yaudare mu, muka shuka, ya ɗauke, shukar ta ƙone. Abin da Inna ta saba ɓoyewa don irin wannan rana shi muka juye muka sake shukawa. Ke nan duk abin da ya rage na wannan dawa a duniya, iyakar saninmu, yana tsaye a gonar.

Da girbi ya matso sai muka ga ba za mu iya ba. Mu biyu ne, ga yanka, ga ɗauri, ga jigila, hanya kuma ba ta son yawan kai da komo. Yaya ya ce a sayar a tsaye, na ce to. Akwai wani Alhaji ɗan sari a Sheme, sitonsa na bakin titi, yana sayen masara da dawa da waken suya daga hannun manoma yana lodawa manyan motoci. Yana da 'yan ƙwadagonsa da injin sussuka da a-kori-kura, wuni guda ya ishe shi ya share gona. Sa'an Yaya ne, sun san juna tun suna samari.

Shi ma cinikin gona a tsaye yana da tsarinsa. Mai saye zai je ya zagaya gonar. Ya dawo ya taya, a ce albarka. Ya ƙara, dillali ya sa baki, a yi ta jan zance har a zo kusa. To kafin a rufe, a nan ne mai gona ke faɗin abin da bai shiga ciniki ba: ban da kara, ban da waken da ke tsakani, ban da iri. Bayan haka sai ya ce ya sallama, a yi musafaha, shaidu su shafa fatiha. Abin da ba a cire ba kafin sallama ya tafi.

Ranar da aka yi cinikin ina kasuwar 'Yankara na kai awaki. Da na dawo da yamma na iske Yaya a tsakar gida bisa turmi, yana ba da labari da fara'a. Ya ce ciniki ya yi albarka, kuma ya cire kara saboda shanu da danni. Inna na gefe tana tsince wake. Yaya ɗan fari ne, don haka tun da muka taso ba ta kiran sunansa, ba ta fuskantarsa da magana. In tana da saƙo, ta kaina yake bi, ko da kuwa yana zaune kusa da ita.

Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Auta, tambayi wancan, ya cire iri?"

Ban tambaya ba, don ya ji. Fara'ar ta bar fuskarsa. A gidanmu ba a taɓa buƙatar faɗin kalmar ba, iri abu ne da ke zuwa gida da kansa kowace kaka, shi ya sa ba ta zo mashi a baki ba.

Na ce, "Yaya, ai Alhaji naka ne. In ka je ka yi mashi bayani..."

"In ce mashi mi? Na sallama gaban mutane, an shafa. In koma in ce a ban mafi kyawun kawunan da ke gonar? Gobe wa zai taya kayana a garin nan? Mu da muke baƙi?" Ya nuna ni da yatsa. "Kai ma ban yarda ka buɗe baki ba."

Maganarsa gaskiya ce, kuma ko yau aka tambaye ni haka zan ce. Ciniki in an sallama ya ƙare. Manomin da ke komawa bayan fatiha, 'yan sari na gaya wa juna, sai a wayi gari kayansa na zube babu mai tayawa.

Inna ta ci gaba da tsintar wakenta. Can ta ce, "Kala hwa? Ita ma an sallama?"

"Kala ba ta da mai ita, Inna."

"To."

Kala ita ce abin da masu girbi suka bari a baya, tsofaffi su bi su tsince, babu mai hana su. Amma mu duka mun san abin da ake samu a kala: ƙananan kawuna, waɗanda tsuntsu ya ci rabi, waɗanda aka taka. Ba a cire iri daga nan. Ita ta fi mu sani. Duk da haka da ranar girbi ta zo, bayan sallar asuba, na fito na ganta a ƙofar gida da tsohon buhu a naɗe, ta yi ɗamara da ragowar jan zanen nan. Yaya bai fito ba. Ni dama zan je saboda karan da aka cire, sai muka tafi tare.

A bakin sito direban Alhaji na zuba wa mota ruwa. Mutum ne mai barkwanci, yana ganin Inna ya fara.

"A'a, amaryata! Biyo ni kika yi har nan? Na ce maki ki jira in tara sadaki."

"Tahi can, da wannan motar taka mai tari? Ko akuya ba ta aurenka."

Alhaji ya fito yana gyara hula, ya durƙusa ya gaishe ta. "Inna, lahiya? Ina za ki da sanyin nan?"

"Kala za ni, in ka ba ni wuri a mota."

"Kala? A gonarku?"

"Gonarka dai, ɗan nan. Mu namu kara ne."

Ya yi dariya, ya ɗauka raha ce ta tsofaffi masu kewar ƙauye. Ya sa aka ba ta gidan gaba.

Mun isa rana na fitowa. Raɓa ba ta bushe ba. Na daɗe ban ga gonar da wannan haske ba, don kullum muka zo kanmu a ƙasa yake, muna sauri. Daga bakin hanya ana hango rufin gidajen ƙauyenmu, shiru, babu hayaƙi ko ɗaya. Tsamiyar da muke cin abinci a ƙarƙashinta tana nan. Wasu 'yan tsuntsaye suka tashi daga cikin dawar gaba ɗaya, suka yi gewaye, suka koma inda suka taso kamar sun ga ba mu isa a gudu don mu ba. Inna ta tsaya a kan iyaka, ba ta shiga ba. Mai kala ba ya shiga sai masu girbi sun wuce.

Aka shimfiɗa tamfol, aka girka inji, 'yan ƙwadago suka jeru. Dawar ta bushe a tsaye, saboda haka babu jira: na gaba na sare kara, na baya na yanke kai suna jefawa a kwando, wasu na kwasa zuwa bakin inji. Da injin ya tashi sai gonar ta cika da ƙara. Duk abin da ya shiga bakinsa ya fito tsaba, a ɗura a buhu, a ɗinke. Buhunan kuma a sito za a haɗe su da dawar wasu gonaki, daga nan babu mai iya cewa ga ta Inna.

Ni ina tattara kara ina tsayar da shi, amma idona na kan jajayen ƙyallayen. Akwai wani dogo a cikin masu saran, shi ba ya duba komai, abin da ya zo gabansa ya kwanta. Na ga zangarniya mai ɗauri ta faɗi a layinsa, aka yanke, aka jefa a kwando. Na ga ta biyu. Na ga wata kuma. Inna tana biye daga nesa, takan sunkuya ta ɗauki wani ɗan kai, ta jujjuya shi, ta sa a buhu. Ba ta dubi kwandunan ba ko sau ɗaya.

Rana ta ɗan ɗaga sai na lura aikin ya canza. A sauran layukan ana sara ana tsallake wasu karare. Masu yanka ma suna kauce masu, har da janye riga. Babban 'yan ƙwadagon, wani mai furfura a gemu, ya je ya riƙe hannun dogon nan yana yi mashi magana, dogon ya saki magirbinsa yana duba tafin hannunsa. Aiki ya tsaya.

Alhaji ya taho da sauri. "Mi ya hwaru? Kun ga inda rana take kuwa?"

Mai furfurar ya ce, "Alhaji, gonar nan a ɗaure take. Dubi. Ja ne kuma, ko'ina. Mu ba mu taɓa shi."

"Wane irin ɗauri?"

"Irin na ɓarayi mana. Can wajenmu wani ya yanki irinsa, hannun nan har yau cokali bai ɗauka."

"Ku ɓarayi ne? Ni na sayi gonar nan da halalina!"

"Kai ka saya, Alhaji. Shi abin ya san ka saya?"

Direba ya leƙo daga inuwar mota ya ce, "Dogo, in hannun ya shanye ka bar mani agogon." Wasu suka yi dariya, dogon bai yi ba.

Mutanen daga nesa aka ɗauko su, kuma a shekarun nan mai gonar da ba ya kwana kusa da ita yakan yi abubuwa iri-iri don tsare ta, saboda haka ban ga laifinsu ba. Alhaji kuwa mutumin masallaci ne, ba ya son camfi. Ya ce wannan shirme ne, ya karɓi magirbi daga hannun mai furfurar, ya nufi kara mai ɗauri da ya fi kusa, ya ce bari ya sare su gani. Kan da ke bisa karan nan ya yi kaurin damtsena. Na san in ya sare ɗaya, sauran duk sun tafi.

Ya ɗaga hannu, sai ya tsaya ya juyo. "Auta, kai ne ɗan gida. Mi ne ne wannan?"

Yaya ya hana ni roƙo, ƙarya kuma ba zan yi ba. Na ce, "Tsumman zanen Inna ne, Alhaji."

Ya kama ƙyallen ya murza shi da yatsa. Ya saki, ya janyo zangarniyar ya auna nauyinta a tafin hannu. Ya dubi ta kusa da ita wadda ba ta da ɗauri. Sannan ya dubi can baya, inda Inna ke tsaye cikin kututturan kara da buhunta wanda bai ko tashi daga kwance ba, da jar ɗamara a ƙugunta. Shi ma ɗan manomi ne. Ni na san lissafin da ɗan sari ke yi, don waɗannan su ne kawunan da suka fi kowanne cika, kuma nasa ne, babu mai ja.

Ya miƙa wa mai furfurar magirbinsa. "To, ku bar su. Wanda ya ɗaura shi zai kwance. Ni ba ni da lokacin gardama da ku, ku kama aiki, kada la'asar ta same ni nan."

Mai furfurar ya ce, "Ka gani ko, Alhaji? Kai ma jikinka ya ba ka."

"Jikina ya ba ni kun cika surutu."

Ya wuce ta gabana bai dube ni ba, yana ƙunƙuni, wai shi kullum a cinikin mutanen ƙauye sai an ci da guminsa.

Kafin azahar ta wuce an share gonar. Aka kashe inji. Shirun da ya biyo baya har kunne ke jin nauyinsa. Ban taɓa ganin gona haka ba, kuma ban ƙara gani ba: fili fetal har bakin tsamiya, sai karare ɗai-ɗai a tsaye nan da can, kowanne kansa a sunkuye da ɗan ja a wuya, iska na juya su a hankali. Sai na ga kamar mutanen ƙauyenmu ne suka dawo, kowa ya tsaya inda ya saba tsayawa, ana jiran wani ya fara sallama.

Alhaji ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Mun gama! Abin da ya rage na masu kala ne."

Sai a lokacin Inna ta zazzage buhunta, ta zubar da 'yan kawunan da ta tsinta a gindin tsamiya don tsuntsaye. Ta zaro 'yar wuƙarta. Na tashi zan taya ta, ta ɗaga mani hannu. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ba ta sauri, ta janyo kara, ta kwance ƙyalle ta soke a ɗamara, ta yanke kai. 'Yan ƙwadago suna zaune bisa buhuna suna kallonta. Direba ya duba rana ya buɗe baki, Alhaji ya harare shi, ya rufe.

Abin da ta samu bai kai rabin abin da ta ɗaura ba, sauran sun bi inji. Dami ɗaya ne ƙarami, wanda mace za ta runguma da hannu biyu. Da ta zo shiga mota ta dubi Alhaji ta ce, "Kalar bana ta yi auki. Allah shi yi ma albarka."

"Amin, Inna. Allah shi maimaita mamu."

Iyakar abin da suka ce ke nan, a ranar da bayanta. A hanya ta rungume damin bisa cinyarta, direba na ta cewa ta yi mashi kishiya da dawa, ba ta kula shi ba. Kafin mu hau kwalta barci ya ɗauke ta.

Gonar ƙauye ba mu sake noma ta ba. Da damina ta kewayo wani surukin Yaya ya ara mamu 'yar gona a wajen Mairuwa, ƙasa mai ja, ba irin tamu ba. Inna ta hana a shuka da ruwan farko, ta hana da na biyu. Sai da ƙasa ta jiƙu sosai ta sauko da damin, ta sussuke, ta raba biyu, ta ba mu rabi. Yaya na sara rami, ni ina jefa ƙwaya ina rufewa da diddige.

Bayan 'yan kwanaki na je dubawa da safe. Daga bakin gona ban ga komai ba sai jar ƙasa. Sai da na tsuguna na kwantar da kai na dubi kunyar ta tsawonta, sannan na gan su, 'yan tsirrai sirara, koraye, a jere har ƙarshen gonar, kowanne da ɗigon raɓa a bakinsa. Na cire ɗaya daga ramin da suka yi yawa, na naɗe shi a ganye, na kama hanyar gida in kai mata.